Asabar: ranar kwaɓin fiza

Tun bayan sallar asuba na shiga kicin na auna fulawa, domin na yi niyyar mu ci fiza da daddare, irin wadda ake kwaɓawa da hannu tun daga tushe. Abubuwa huɗu kacal na ajiye a gabana: fulawa giram 500, ruwa mililita 320, gishiri giram 12, sai busasshen yis rabin ƙaramin cokali. Babu sukari, babu ƙwai, ko mai ban ɗiga ba, don kuwa haka masu gashin fiza na birnin Nafoli da ke kudancin Italiya suke yin nasu, kuma a hannunsu ne abincin ya sami kamannin da duniya ta san shi da su. Sun riƙe sana'ar da daraja har suka kafa ƙungiyar kare asalinta a 1984, sannan a 2017 hukumar UNESCO ta sanya gwanintarsu cikin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Ƙanwata ta leƙo, ta dubi ɗan yis ɗin da na auna, ta ce, "Yaya, anya wannan zai tayar da ƙullun nan kuwa? Ai ko fanke ya fi haka cin yis." Na ce mata zai tayar, sai dai ba zai yi gaggawa ba, kuma rashin gaggawar nake nema. Idan aka zuba yis da yawa, ƙullu yakan kumbura cikin sa'a guda, amma ya fito da warin yis, ba shi da wani ɗanɗano nasa. Idan kuwa aka sa kaɗan aka ba shi wuni guda, a hankali yis ɗin yake cin sukarin da ke fitowa daga fulawar, yana hura iska a ciki, ƙamshi yana taruwa, ƙullun kuma yana laushi da kansa ba tare da an sha wahalar murza ba. A ganina duk sirrin fiza a nan yake, miya da cuku ƙari ne kawai.

Na narkar da gishirin a ruwa, na zuba kashi ɗaya na fulawar na dama, sannan na barbaɗa yis, don kada ya haɗu da gishiri kai tsaye ya raunana. Da na gama zuba sauran fulawar, abin ya fito a yamutse yana kama yatsu, sai na rufe shi na bar shi minti 20 ya sha ruwansa. Bayan hutun nan murza ta zo da sauƙi: in danna da tushen tafin hannu, in naɗo, in juya, har kusan minti goma. Na yago ɗan guntu na ja shi a hankali tsakanin yatsuna ina duban taga, ya miƙe ya yi siriri har haske yana ratsa shi bai tsage ba, alamar danƙon da ke cikin alkama ya haɗu ke nan. Fulawar da Italiyawa suke amfani da ita mai lamba 00 ce, wadda aka niƙa ta yi laushi ƙwarai, amma fulawar burodi ta kasuwarmu ta yi mini aikin.

Da yake hunturu ake ciki, sai da na jiƙa tsumma mai tsabta na lulluɓe kwanon, na ɗora murfi a kai, domin iskar nan tana busar da saman ƙullu ya yi ɓawo, ɓawon kuma yakan hana shi miƙewa daga baya. Sanyin safiyar ya taimaka wajen rage masa gudu. Da a watan Afrilu ne, dole in rage yis ko in nemi taimakon firji. Wajen hantsi na raba shi gida huɗu, kowanne ya ɗan haura giram 200, na mulmula su, na jera a faranti mai murfi, na tafi sabgogina.

Bayan la'asar na markaɗa ɗanyen tumatir da gishiri kaɗai, ban soya ba, ko da yake hannuna ya yi ta ƙaiƙayin ƙara albasa da attaruhu. Cukun mozarela na yayyanka shi na bar shi a rariya ya tsane.

Wurin gashi ne gida yake gazawa. Murhun itace na Nafoli yakan wuce digiri 430, fiza ta nuna cikin daƙiƙa 60 zuwa 90, alhali obin ɗina ba ya haura 250. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu gurasa a Kano ya ga yadda ake manna ta a jikin tanderu mai zafi ta tashi nan take, zai gane abin da ƙullu yake buƙata. Saboda haka na ɗora kaskon ƙarfe mai kauri a kan gas har ya fara hayaƙi. Na ɗauki curi ɗaya na danna tsakiyarsa da yatsu, ina tura iskar zuwa gefe, ban taɓa bakin ba, ban kuma yi amfani da kwalba ko sandar murzawa ba, don suna kashe iskar da aka wuni ana tarawa. Na shimfiɗa shi a kaskon, na shafa tumatir, na watsa cuku, bakin ya fara kumbura yana fitar da ƙuraje. Da ƙasan ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, na mayar da kaskon ƙarƙashin wutar sama ta obin na minti uku.

Ganyen da ake sa wa fizar Margarita, wato irin wannan mai tumatir da cuku, ɗan'uwan ɗoɗɗoya ne, don haka na tsinko 'yan ƙananan ganyenta na ɗora bayan an sauke, sai dai tamu ta fi ƙarfin ƙamshi, ganye uku sun isa. Bakin fizar ya fito da ramuka a ciki, waje yana ƙaras-ƙaras, ciki da laushi. Uku muka gasa. Na shafa wa curi na huɗu man zaitun na sa a firji, domin gobe in gwada ɗanɗanonsa da na yau.