Gargaɗi uku a kwamfuta ɗaya

Aikina buga takardu da cike fom a wani ɗan shago a Sharar Mansur, nan Makka. Yawancin masu zuwa Hausawa ne, kowa da filashinsa a aljihu, saboda haka kwamfutata ba ta rabuwa da gargaɗin ƙwayoyin cutar kwamfuta. A hankali na gane iri uku ne, ko da yake duk a kusurwa ɗaya suke leƙowa, ƙasan allo.

Na farko talla ce kawai. Kwamfutar ta zo da manhajar riga-kafi ta gwaji, wa'adinta na cika ta fara roƙo: yau ragin kuɗi, gobe wai ba ni da kariya. Na cire ta, sai Microsoft Defender, wadda take cikin Windows 10 da 11 tun asali, ta karɓi aikin da kanta ba tare da riyal ko ɗaya ba. Na kyauta ma sai da lura. A 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Avast, mai manhajar riga-kafi ta kyauta, biyan dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane suke ziyarta.

Na biyu shi ne mugun. Wani dattijo maƙwabcinmu ya kawo min tasa kwamfutar a ruɗe, jan rubutu da Larabci yana faɗa masa ƙwayoyin cuta sun cinye ta, ga tambarin wani babban kamfani, ga agogo yana ƙirga daƙiƙa.

"Ɗana, in biya su ne?"

"A'a Kawu, ajiye katin. Duba nan ƙasa."

A jikin saƙon, da ƙananan haruffa, akwai sunan Chrome da adireshin wani shafin kallon ƙwallo. Wani a gidan ne ya danna amincewa lokacin da shafin ya nemi izinin turo sanarwa. Shafin intanet ba shi da ikon bincika abin da ke cikin kwamfuta, ihu kawai ya iya. Na shiga saitin Chrome, sashen sirri da tsaro, na buɗe sanarwar shafuka, na goge izinin, shi ke nan. Da dattijon ya danna saƙon, da an kai shi inda za a nemi lambar katinsa, ko a ce ya kira wata lamba.

Na uku shi ne na gaskiya, na Defender, amma ba ya ihu, shi ya sa ake raina shi. Yakan faɗi sunan fayil da inda yake, ya ce ya killace shi. Idan ka rufe burauza ka buɗe Windows Security, wato sashen tsaro na Windows, da hannunka, za ka tarar da shi a tarihin kariya. Gwajin da nake yi ke nan kullum: abin da ba ya cikin tarihin, ba na kula shi.

Wanda yake ciki kuwa ba na jayayya da shi, ko mai filashin ya rantse lafiyarsa ƙalau. Mu da muke ƙasar nan mun san a 2012 ƙwayar Shamoon ta goge kwamfutoci kusan 30,000 na kamfanin mai na Aramco. Tamu ta shago ba ta kai nan ba, yawanci irin wadda take ɓoye takardu ce ta bar maka alamomin fayil na ƙarya a madadinsu. Idan ta bayyana nakan tsayar da aiki, in wanke filashin, in fito wa mutum da takardunsa, sannan mu koma maganar fom ɗin da ya kawo shi.