Idan takalmi ya taka kashin kare, goga shi a ƙasa bai wadatar ba

A unguwannin Sakkwato da ke bakin gari, inda ake ajiye karnukan gadi da na farauta, mai fita sallar asuba cikin duhu yakan taka kashin kare bai sani ba, sai wari ya sanar da shi a ƙofar masallaci. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su goga takalmin a rairayi sau biyu ko uku su wuce, alhali a ganina wannan farkon aikin ne kawai.

Dalili na farko na fiƙihu ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai jikinsa da yawunsa masu tsarki ne, amma kashinsa najasa ne ba tare da wata tantama ba. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya yi rangwame ga huffi da takalmin da suka taka kashin doki ko na jaki idan an goge su da ƙasa, saboda wuyar kauce musu a hanya, sai dai masu sharhi sun bayyana cewa rangwamen bai haɗa da na kare ba. Wannan sai an wanke shi da ruwa. Akwai kuma batun lafiya, domin kashin kare yakan ɗauko ƙwayayen tsutsar ciki waɗanda ke iya shafe watanni a ƙasa ba su mutu ba, takalmi kuwa a bakin ɗaki ake cire shi, daidai inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

Yadda ake yi ba shi da wuya, sai dai yana son haƙuri. A cire takalmin tun daga waje, a barbaɗa masa toka ko busasshen rairayi domin ya tsotse danshin, sannan a kankare da tsinke ko guntun kara, a bi kowane zane na ƙasan takalmin ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ne ƙazantar ke maƙalewa, har da ƴan tsakuwoyin da suka shige ciki. Bayan haka sai a kawo ruwan omo da tsohon buroshi, wanda daga ranar ba zai sake yin wani aiki ba sai wannan. A ƙarshe a ɗauraye da ruwa tsantsa daga buta har sai launi da wari sun gushe, tunda ruwan da sabulu ya canza shi yana fitar da dauɗa amma ba ya tsarkakewa. A yi wankin kusa da masai ko kwata, nesa da randa da inda ake alwala.

Silifas da takalmin roba ba su da matsala, suna jure ko da ruwan Hypo ne. Takalmin fata, musamman aikin dukawanmu na fatar jan akuya, shi ne mai buƙatar lura. Ba a jiƙa shi a bokiti, ba a kuma sa masa Hypo, domin yana cinye launi. Ƙasan kaɗai za a wanke, a goge saman da tsumma mai danshi, a shanya a inuwa, saboda ranar Sakkwato ta watan Afrilu, wadda zafinta kan haura digiri 40, tana sa jiƙaƙƙiyar fata ta ƙandare ta tsattsage. Idan ya bushe sai a shafa masa ɗan man kaɗanya, ko a kai wa mai shushaina, amma bayan an wanke, don ba daidai ba ne a miƙa wa bawan Allah najasa ya shafa a buroshin da zai goge takalman wasu da shi.