Daga Kano zuwa Ikeja a sawun Ginger Baker

Motarmu ta tashi daga Sabon Gari bayan la'asar, ina kujerar bakin taga, jaka a kan cinya, a cikinta akwai tsohon faifan garmaho da na naɗe da rawanin mahaifina. Watan Oktoba ne na 2019, kwana biyar da jin labari a rediyo cewa Ginger Baker ya mutu a Ingila ranar 6 ga wata yana da shekara 80. Maiɗakina ta tambaye ni abin da ya haɗa ni da mutuwar Bature mai kiɗan ganga har zan rufe shago in nufi Legas. Na ce mata Kawu zan je gaisarwa a Agege, kuma ba ƙarya na yi ba. Sai dai a duk danginmu garmahon Kawu ne kaɗai ya rage yana juyawa, ni kuwa ina son in sake jin faifan nan.

Gidanmu gidan kiɗa ne. Baba, Allah ya jiƙansa, kalangu yake kaɗa wa mahauta, gadon ubansa. Ni kuwa ɓoye wannan na yi duk zamana a makaranta. In an tambayi sana'ar uba sai in ce ɗan kasuwa ne, don na san abin da ke biyo bayan "ɗan makaɗa" a bakin yara, har a bakin manya in zancen aure ya taso. Wata sallah Kawu ya zo daga Legas da faifan da mawaƙi Fela Kuti da ƙungiyarsa ta Africa '70 suka naɗa tare da Baker a Landan cikin 1971. Baba ya saurara bai ce uffan ba, yatsunsa dai na motsi a kan gwiwa. Da kiɗa ya ƙare sai ya ce wa Kawu, "Wannan da ka ce Bature ne, ya zauna da masu abin. Ba a koyon wannan daga nesa."

Mun wuce Zariya da Kaduna da Abuja, muka tsaya cin abinci a Lokoja tsakar dare. Fasinjoji na ta ƙorafin ramukan hanya da ciwon baya, ni hankalina na kan wata tafiyar daban. A 1971 Baker ya hau Range Rover daga Turai, ya tsallaka Aljeriya, ya keta Sahara da kansa har Najeriya, alhali jirgi na tashi daga Landan zuwa Legas. Kuma ba talauci ne ya koro shi ba. Peter Edward Baker sunansa na yanka, jan gashinsa ne ya jawo masa laƙabin Ginger. An haife shi a Lewisham, kudancin Landan, a 1939. Ubansa magini ne, ya mutu a Yaƙin Duniya na Biyu a 1943, yaron na da shekara huɗu. Da kiɗan jaz ya fara, kuma wani babban makaɗi, Phil Seamen, shi ya zaunar da shi ya kunna masa faya-fayen gangunan Afirka. A wannan zamanin kuma ya shiga ƙwayar hiroyin, wadda ta riƙe shi shekara da shekaru.

A 1966 ya kafa ƙungiyar Cream da Eric Clapton mai jita da Jack Bruce. Su uku rak, shekara biyu da 'yan watanni, suka sayar da miliyoyin faya-faye, suka yi kiɗan bankwana a Royal Albert Hall a Nuwamban 1968. Kafin shi, mai ganga a kiɗan rok ɗan rakiya ne, yana can baya yana riƙe wa mawaƙi lokaci. Baker ya ajiye manyan gangunan ƙafa biyu maimakon ɗaya, dabarar da ya gani wurin masu jaz, ya riƙa kaɗawa shi kaɗai minti goma ko fiye, dubban mutane sun yi tsit. A Yunin 1969 sabuwar ƙungiyarsu shi da Clapton, Blind Faith, ta tara mutum wajen dubu ɗari a filin Hyde Park na Landan. Daga wannan matsayi ne ya juya ya fuskanci Legas.

Da hantsi muka shiga gari ta Badun. Agege kuwa kamar ban bar Fagge ba: Hausa ko'ina, mai shayi, mai goro, ƙanshin tsire. Kawu ya tsufa, ido ya yi rauni, amma da na warware rawanin ya shafa kwalin sai ya gane.

"Ɗan nan, har yanzu yana nan?"

"Yana nan, Kawu. Allurar garmahonka fa?"

Ya sa jikansa ya sauko da shi daga kan kabad, aka kaɗe ƙura. Muka zauna a tabarma muka ji shi gaba da baya. A nan na kama abin da kunnen yaro bai kama ba a da: makaɗa biyu ne a ciki. Tony Allen, makaɗin Fela, hannunsa sassauƙa, kamar yayyafi a kan kwano, yana rarraba kiɗan tsakanin hannu biyu da ƙafa biyu. Baker kuwa nauyi gare shi, yana gangarowa kan gangunan tsakiya kamar tambari. Abin da ya burge Baba, na tabbata, shi ne mai nauyin bai danne mai sauƙin ba. Yana jira, yana ba da wuri, yadda ɗan karɓi ke yi wa uban kiɗa. Kawu ya share ido da bakin riga ya ce, "Da ubanka na nan da yanzu gwiwarsa ta sha kiɗa."

Washegari na hau acaɓa zuwa titin Gbemisola a Ikeja, gidan da Fela ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, wanda aka mai da gidan tarihi a 2012. Kabarinsa na tsakar gidan, takalmansa jere a sama. Shi da Baker sun san juna tun farkon shekarun 1960, lokacin da Fela ke karatun kiɗa a Trinity College a Landan. Abotar ce ta buɗe wa Baker ƙofa a nan. A Ikejan nan ya gina situdiyonsa, ARC, mai ɗaukar sauti layi 16, aka buɗe a Janairun 1973 bayan wahalhalu masu yawa. A shekarar Paul McCartney, tsohon mawaƙin ƙungiyar Beatles, ya zo Legas naɗar faifai, har ya yi aikin waƙa ɗaya a wurin. Baker ya kuma haɗa ƙungiyar Salt da matasan Najeriya, irin su Laolu Akins da Berkley Jones da tagwayen nan Lijadu, ya kai su Turai a 1972. Da suka dawo, wasu cikinsu suka kafa ƙungiyar BLO. Na tambayi 'yan acaɓa huɗu da wani mai gyaran lasifika ko sun san ARC. Babu wanda ya taɓa jin sunan. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata.

Da dare na je New Afrika Shrine, gidan kiɗan 'ya'yan Fela, a Agidingbi. Makon bikin tunawa da Fela ne, wanda ake yi duk shekara daidai da ranar haihuwarsa, 15 ga Oktoba, wurin ya cika maƙil. Hayaƙin ya dame ni, kuma akwai abubuwan da na kau da kai daga gare su. Na matsa gefen dandamali inda zan ga mai ganga sosai. Saurayi ne, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ƙafar hagu na faɗin abu ɗaya, hannun dama na faɗin wani. Da ya yi wani juyi sai jama'a suka ɗauki ihu, suna kiran sunansa. Na tsaya ina tuna yadda Baba ke dawowa daga mahauta da yamma, kalangu a kafaɗa, yana bin gefen bango, ni kuma in na hango shi ina tare da abokai sai in sauya hanya.

Ba zan wanke Baker ba. Mutum ne mai zafin rai da mugun baki. Ya taɓa zare wa Jack Bruce wuƙa tun kafin Cream. Yana tsoho ya kwaɗa wa mai shirya fim a kan rayuwarsa sanda a hanci, kyamara na ɗauka. Aure huɗu ya yi, 'ya'yansa sun sha wuyar halinsa. Situdiyon ma bai ɗore a hannunsa ba, ya bar Najeriya da asara. Amma duk inda ya je bayan nan, gonar zaitun a Italiya, Kolorado a Amurka, Tulbagh a Afirka ta Kudu, bai daina faɗin inda ya samo kiɗansa ba. Ɗansa ma sunan mutanen Gana ya sa masa, Kofi. A 1978 ya hau dandamali a Barlin shi da Tony Allen, su biyu, ganga da ganga, minti goma sha shida. Har ƙarshen ƙarfinsa, a ƙungiyarsa ta ƙarshe, makaɗin Gana Abass Dodoo ne a gefensa.

Akwai abu na biyu da ya ɗauka a ƙasar nan, shi ne ƙwallon dawaki, wato folo, wanda ya cinye masa dukiya mai yawa daga baya. Don haka ranar ƙarshe na tsallaka gada zuwa Ikoyi, filin folo na Legas, wanda ke nan tun 1904. Ban shiga ciki ba, a bakin barga na tsaya, inda na ji ana Hausa. Wani dattijo Bakatsine na goge wa akawali jiki. Muka gaisa, ya yi mini zancen Sarki Dikko da Sarki Usman Nagogo da yadda Katsina ta riƙe wasan nan, na ba shi labarin jan Baturen da ya koyi folo a Legas. Ya yi mamakin mai ganga da doki. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, kai ɗan gidan wa ne a Kano, da ka san kiɗa haka?"

"Ɗan makaɗa ne ni, Baba. Ubana kalangu yake kaɗa wa mahauta."

"Allah ya jiƙan maza," in ji shi, ya ci gaba da goge dokinsa.

Faifan na bar wa Kawu, tunda garmahon na wurinsa. Rawanin na dawo da shi. Muna wuce Okene da dare na kira ƙanena, na tambaye shi ko kalangun Baba na nan rataye a ɗakin Inna. Ya ce yana nan, sai dai fatar gefe ɗaya ta fashe, tsarkiya kuma ta bushe. Na ce ya sauko da shi, ya nemo mini wanda ya iya ɗauri kafin in iso.