Shirun da ke tsakanin minshari

Ni mai minshari ne tun ina makarantar kwana, har abokai suka sa min suna Janareto. Don haka ranar da uwargida ta ce barcina ya fara ba ta tsoro, dariya na yi. Ta ce, "Malam, ƙarar na saba da ita shekara goma sha tara. Shirun da kake yi a tsakani ne ke hana ni runtsawa." Wai sai minsharin ya yanke ɗif, ƙirjina na motsi amma iska ba ta shiga, can sai na zabura da wani irin ja kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ni kuwa da safe ban san an yi ba.

Abin da na sani shi ne ina tashi asuba da ciwon kai, bakina a bushe ƙamas. Fitsari kan tashe ni sau uku, wani daren huɗu, har na je aka gwada ni ko ciwon suga ne, aka ce babu. Hawan jinina ya ƙi sauka duk da magani kala uku da nake sha. Ga gyangyaɗi: liman bai kai rabin huɗuba ba kaina ya fara rawa, a taron ofis ma haka. Duk na ɗora wa shekaru da yawan aiki. Yayata ta ce dannau ne, ta aiko da rubutu, na sha. Sai dai mai dannau yana farke, yana ji ya kasa motsi, ni kuma ban taɓa farkawa na ji komai ba.

Wata Lahadi ina dawowa daga Zariya, na wuce Kwanar Dangora kaɗan, idona ya rufe. Ƙarar tsakuwa ce ta farkar da ni, tayoyin dama sun riga sun bar kwalta. Yarana biyu suna baya. Na faka, na daɗe hannuna na rawa.

Zuwana asibiti na farko bai yi amfani ba, kuma laifina ne. "Gajiya da ciwon kai" kawai na faɗa wa likita, shi kuma ya ce in rage ƙiba in riƙa hutawa. Karo na biyu da uwargida muka tafi, da bidiyon da ta ɗauke ni a wayarta ina barci. Likitan ƙirji ya kalla, yana ƙirga shirun da agogonsa, ya haura daƙiƙa ashirin. Ya ɗauko tef irin na tela ya auna wuyana, ya wuce santimita 40. Sannan ya yi tambayoyi takwas da ake kira STOP-BANG, a kan minshari, gajiya, hawan jini, ƙiba, shekaru da sauransu. Rabin amsoshin ita ta bayar.

Ya ce sunan abin ɗaukewar numfashi a cikin barci. Idan mutum ya yi nisa, naman maƙogwaro da gindin harshe suna saki su toshe hanyar iska. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, ya ja numfashi, ya koma, a sake. Kowace zabura tana bugun zuciya, ita ke ɗaga jini. Ya ƙara da cewa siriri ma yana samu, haka yaron da ƙululun maƙogwaronsa suka kumbura.

Sai ya tura ni gwajin barci, na kwana ɗaya ne. Aka manna min wayoyi a kai da haɓa, ɗamara a ƙirji da ciki, siririn bututu a hanci, da ɗan matsi a yatsa mai auna oksijin. Na rantse ba zan iya barci a haka ba, ashe ko minti goma ban yi ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu na daƙiƙa 10 ko fiye a cikin awa ɗaya. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Nawa 41 ya nuna. Kenan shekara da shekaru ina kwanciya awa bakwai ba tare da na yi barcin kirki ba.

Aka rubuta min na'urar CPAP, wadda wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Iska take hurawa ta takunkumin hanci, ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Tana da tsada, kuma da halin wutar lantarkinmu sai da na haɗa da batir da sola. An kuma hana ni ƙwayoyin sa barci, an ce in riƙa kwanciya ta gefe, tuƙin nesa kuma in dakata tukuna.

Makon farko takunkumin ya dame ni, ina cire shi cikin dare ban sani ba. Daren da na fara kai asuba da shi, uwargida ce ba ta yi barci ba. Ta ce ɗakin ya yi tsit da yawa, sau uku tana tashi ta ɗora hannu a ƙirjina.