Gerard Kuiper, ɗan tela da ya ƙi raina duniyoyi

Duk mai ɗan bin labaran sararin samaniya ya taɓa jin sunan Kuiper, saboda wannan zoben na dunƙulen ƙanƙara da duwatsu da ke can bayan Neptune, unguwar su Pluto, wanda ake kira da sunansa. Abin dariyar kuma ba shi ya gano zoben ba. A takardar da ya rubuta a 1951 cewa ya yi eh, irin waɗannan tarkacen sun taɓa taruwa a wurin tun farkon samuwar duniyoyi, amma Pluto ta riga ta watsa su, don a lokacin ana zaton Pluto wata ƙatuwar aba ce kamar duniyarmu. Kuma wani ɗan Ailan, Kenneth Edgeworth, ya riga shi kawo maganar tun 1943. Sai a 1992 David Jewitt da Jane Luu suka hango na farko a cikinsu in ban da Pluto, amma suna ya riga ya bi Kuiper. Ni dai gani nake an yi masa kyauta a inda bai yi wahala ba, inda ya sha wahalar kuma ba a cika faɗa ba.

A wani ƙauye a arewacin Holan aka haife shi a 1905, babansa tela ne. Ya yi digirin digirgir a jami'ar Leiden a 1933 kan taurari masu tafiya bibbiyu, a shekarar ya tsallaka Amurka, ya yi aiki a cibiyar kallon taurari ta Lick a California, ya ɗan taɓa Harvard, daga 1937 ya zauna a cibiyar kallon taurari ta Yerkes ta jami'ar Shikago. To a zamanin nan fa manyan masana falaki ba sa ɗaukar Mars da Jupiter da wata a bakin komai, hankalinsu na kan taurari masu nisa da yadda sararin ke faɗaɗa, duniyoyi kuwa an bar wa 'yan sha'awa da masu zana wai magudanan ruwa a Mars, shi kuma mutumin nan da yake da suna tuni a harkar taurari sai ya juya ya rungumi abin da ake yi wa kallon wasan yara.

Kuma ya ci riba wallahi. A 1944, da madubin hangen nesa mai inci 82 na cibiyar McDonald a Texas, ya tsattsage hasken Titan, babban watan Saturn, ya ga alamar iskar metan, wato wata ma yana iya samun iska tasa ta kansa. A 1947 ya gano iskar kabon dayokzaid a Mars. 1948 ya gano Miranda, watan Uranus, shekara ta zagayo ya ƙara da Nereid na Neptune. Duk wannan babu kumbo ko ɗaya, daga ƙasa yake, cikin sanyin dare.

Inda na fi jinjina masa shi ne batun wata. Kafin a tura mutum ana ta gardama, akwai masu cewa ƙura ce mai zurfi da za ta haɗiye kumbo, shi ya tsaya kan cewa ƙasar za ta ɗauki nauyi, a taka a wuce. A 1960 ya koma Tucson a Arizona ya kafa cibiyar binciken wata da duniyoyi, suka yi ta fitar da taswirorin wata na hoto, ya jagoranci ɓangaren kimiyya na kumbunan Ranger da ake harbawa su yi ta ɗaukar hoto har su faɗa kan watan su tarwatse. Da irin aikin nan aka zaɓi wuraren saukar kumbunan Apollo da suka kai mutane wata. Carl Sagan ma da duniya ta sani a talabijin ai ɗalibinsa ne.

Shi ne kuma a 1964 ya nace cewa tsaunin Mauna Kea na Hawai, mai tsayin sama da mita 4,200, babu kamarsa wajen kallon sama saboda iskarsa busasshiya ce. Yau tsaunin cike yake da manyan madubai, kodayake 'yan asalin tsibirin wuri mai tsarki suka ɗauke shi kuma har yanzu rigimar ba ta mutu ba, a 2019 ma sai da suka tare hanya.

Tsauni ma bai ishe shi ba, tunda tururin ruwa na tare hasken infrared, wato hasken zafi da ido ba ya gani, sai ya fara ɗora madubi a jirgin sama. Ya rasu a Disamban 1973 yana hutu a Meziko, bai kai ga ganin jirgin C-141 da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sa wa sunansa yana aiki ba. Daga cikin jirgin nan ne a 1977 aka gano Uranus ma tana da zobba, lokacin da wani tauraro ya yi ta ƙyaftawa kafin ya shige bayanta.