Tuwon Dawa a Tsakiyar Malka

Lahadi, tsakiyar watan Agusta.

Yau girkina ne. Mu biyu muke karɓa-karɓa a gidan nan, ni da Yaya, matar wan maigida, kuma tukunyarmu ɗaya, tun daga Inna har kan autan Yaya da aka yaye bana. Ruwa ya sauko tun kafin kiran assalatu, irin na malka, ba iska ba cida, sai zuba a hankali, bai ɗauke ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Itace na fara dubawa. Wanda ke jingine da katanga ya jiƙe sharkaf, sai ɗan busasshe da karan dawa da na tura ƙarƙashin rumbu tun kafin hadari ya haɗu. Na jera jiƙaƙƙun a gefen murhu lokacin da ake dama koko, don zafin wutar safe ya tsotse su kafin yamma.

Bayan an karya, Inna ta sa aka kira ɗan farin Yaya ya hau rumbu. Da kaka hannu kawai ake miƙawa a jawo dami. Yanzu sai yaron ya zura ƙafa ya sauka ciki, ba a ganin ko hularsa, muryarsa kaɗai ake ji yana cewa a karɓa. Gero ya ƙare tun kafin babbar sallah, dawa ce ta rage, kaura, kuma ita za ta kai mu har sabon gero ya nuna. A gona ya fitar da kai, yara har sun fara zancen tumu, amma tsakanin fitar da kai da shiga turmi akwai makonni. Waɗannan makonnin su ne mafi tsawo a shekara ga duk macen da ke riƙe da muciya a ƙauye.

Muka sussuke tare da Yaya, muka sheƙe, Inna ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugune da kwanon awo. Ita take aunawa, ba wanda yake taɓa kwanon nan sai ita. Da ta gama abin da ta saba, sai ta cika tafin hannu biyu ta watsa a kai, ta sake cikawa ta watsa. Kullum haka take yi.

Yaya ta sassauta murya ta ce, "Inna, da dai an ɗan dakata da wannan ƙarin har gero ya shigo. Kin ga yadda rumbun ya yi."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na gani, 'yar nan. Wannan ba namu ba ne, shi ya sa ba na taɓa shi."

Ba zan ce Yaya ba ta da gaskiya ba. Ita ce mai yara da yawa, ita ce take kwana da lissafin. Amma ni zuciyata tana wajen Inna a wannan magana. Ban taɓa ganin gidan kirki da ake auna tuwo daidai da kawunan mutanen gida ba. A gidanmu ma da na taso haka ne, akwai na almajiri, akwai na wanda dare ya yi masa a hanya, akwai na ɗumame. Malamin Islamiyyarmu ya sha karanta mana hadisin da ya ce abincin mutum biyu yana isar uku, na uku yana isar huɗu. Inna ba ta yi karatun littafi ba, amma hannunta ya san wannan karatun.

Na surfa dawar da ɗan yayyafin ruwa, na bakace dusar na ajiye wa awaki, na wanke har ruwan ya fita fes, na rege tsakuwa. Babu rana, don haka a tabarma na baza ta cikin rumfa, ina motsawa da hannu ta sha iska. Sauri nake yi saboda yau Lahadi, kasuwar Gujungu take ci, kuma mai injin garinmu yakan rufe da wuri ya tafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin niƙa bai sake zama wuri ɗaya ba, har wasu matan sun koma tono dutsen niƙan da suka jingine shekara da shekaru. Mu dai har yanzu muna kai wa inji, sai dai mukan haɗa na kwana biyu a kai gaba ɗaya. Maigida ma ya bi motar kasuwa da ɗan akuya guda, na ce masa, "Malam, in Allah ya sa an sayar, a taho mana da kanwa da gishiri, in da hali da ɗan banda." Ya ce to, Allah ya ba da sa'a.

Abin da ke sanyaya mini rai a wannan wata shi ne, daidai lokacin da hatsi ya yi ƙasa, lokacin ne Ubangiji yake buɗe ƙofar ganye. Bayan ɗakina kaɗai akwai kuɓewa, akwai rama, akwai yakuwa, ga zogale ya yi luf-luf, ga tafasa da lalo sun fito da kansu ba wanda ya shuka. Da rana kwaɗon rama aka ci da ƙuli-ƙuli, ya riƙe cikin yara ba a taɓa gari ba. Tumatir kuwa ba ma zancensa da damina, tsada yake yi, kuma miyar da nake nufi ba ta buƙatarsa.

Bayan azahar na shiga cikin kuɓewa da ƙwarya. Ɗanyar kuɓewa tana da lokacinta. Ka taɓa bakinta da ɗan yatsa, in ya karye ƙas to ta miya ce, in ya lanƙwashe ta tsufa, a bar ta ta zama iri ko a yanka a shanya. Ganyen yana da ƙaiƙayi, hannuna har yanzu yana ɗan yi mini zafi, amma na samu rabin ƙwarya na matasa masu kyau, masu santsi, da raɓar ruwan safe a jikinsu.

La'asar sakaliya na ɗora sanwa. Tukunya biyu, babba ta tuwo a kan duwatsun murhu, ƙarama ta miya a gefe. Karan dawa ya kama nan da nan, na ɗora busasshen itace a kansa, sannan na riƙa tura waɗanda suka sha zafin safe ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙi dai an sha shi, idona ya yi ja, amma wuta ta tashi.

Miyar na fara haɗawa, don ita ce mai son lokaci. Wake na ɗan ɓarza a turmi na fece ɓawon, na zuba tun ruwa bai yi zafi ba, da ɗan ƙullin kanwar da ya rage mini, don ya narke ya ba miyar jiki. Sannan na daka daddawa da barkono da citta da masoro. A nan nake so in ɗan tsaya, domin mutane suna raina daddawa, alhali ita ce take ɗaukar miyar talaka ta kai ta inda nama yake kai ta mai kuɗi. Tamu ta kalwa ce, Inna ce ta yi da hannunta da bazara, lokacin da ɗorawa ta nuna. Wuni guda kalwar take a kan wuta, a surfa a wanke ɓawon ya fita, a sake dafawa, a rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa a faffaɗa a shanya. Yanzu itatuwan ɗorawa sun ragu a dajinmu, an sare da yawa, shi ya sa kasuwa ta cika da daddawar waken suya. Ba laifi, tana yi, ni ma ina saya in tamu ta ƙare. Amma wanda ya san ƙamshin kalwa in ta haɗu da tafasasshen wake, daga zaure yake gane bambancin. Dunƙulen magi ɗaya na jefa, ba don miyar ta gaza ba, sai don bakin yara ya saba.

Ina cikin tankaɗe sai ga maigida, ƙafarsa duk taɓo, babu akuya a hannunsa, alhamdulillahi. Ya miƙo leda: gishiri, jar kanwa, da tarwaɗa banda guda biyu, irin wadda ake kawowa daga wajen Haɗeja. Na ce, "Sannu da hanya, Malam, Allah ya ƙara buɗi." Na jiƙa su da ruwan zafi, na cire ƙaya a tsanake saboda yara, na marmasa ɗaya a miya. Ɗayar na rataye a saman murhu, ta Yaya ce in girki ya dawo hannunta.

Tuwon dawa ba ya son gaggawa, kuma duk sirrinsa yana wajen talge. Da ruwa ya tafasa na dama tsakin da ya rage a rariya da ruwan sanyi, na tsiyaya ina juyawa da muciya, na zuba ɗan ruwan kanwa. Nan take kalar ta juya, kaurar ta yi ja-ja, ƙamshinta ya tashi. Sai a rufe a bar shi ya yi ta ɓararraka har ya nuna sosai. Macen da ta tuƙa a kan ɗanyen talge, tuwonta zai yi gari-gari a baki, kuma ba zai kwana lafiya ba, da safe sai a tarar ya saki ruwa. Da ya nuna na ɗebi kaɗan a ƙwarya na ajiye gefe, na fara zuba gari da hannun hagu, dama tana tuƙi. Tukunyar gidan nan ba ta wasa ba ce. Sai na taka gefen dutsen murhu, na riƙe muciya hannu biyu, ina jawowa ina dannawa a jikin tukunya don gudaji su mutu. Da ya yi tauri na mayar da talgen da na ajiye, ya sassauta, ya yi laushi yana sheƙi. Na yayyafa ruwa, na rufe, na janye itace na bar garwashi ya sulala shi.

A wannan tsakanin na kaɗa kuɓewa. Na riga na yanka ta ƙanana na ɗan daddaka a turmi. Ana zubawa ana kaɗawa da maburgi, kuma ba a rufe tukunya, in an rufe sai ta yi bori ta zube a wuta. Minti kaɗan ya isa. Na ɗaga ludayi, miyar ta biyo shi ba ta tsinke ba, koriya shar, ga ɗigon manja yana yawo a sama. Na sauke.

Ina kwashe tuwo, ina tsoma mara a ruwa ina malmalawa, sai ga 'yar maƙwabtanmu ta shigo da sallama, da ɗan kasko a hannu, wai an aiko ta ɗibar wuta. Yarinya ce da ba ta wuce shekara bakwai ba. Na zuba mata garwashi. Ta karɓa, amma ba ta tafi ba, ta tsaya idonta a kan ƙwaryar tuwo. Magariba ta kawo jiki, kuma duk yammacin nan ban ji ƙarar turmi daga gidansu ba, ban ga hayaƙi ya tashi ta kan katanga ba. Gonarsu a fadama take, tun ambaliyar 2022 da ta cinye amfanin mutane da yawa a ƙasar Ringim ba su gama miƙewa ba, ga uban ya tafi ci-rani bai dawo da damina ba.

Na dubi Inna, Inna ta dube ni. Ba a ba yarinya a hannu, kada ta koma gida uwar ta ji kunya. Sai da ta fita, Inna ta ce, "Zuba a langar nan mai murfi." Na sa malmala huɗu, na cika kwano da miya, na tabbatar kifi ya shiga. Yaya ce da kanta ta tashi ta yafa mayafi ta ce ita za ta kai. Na ji ta ta kan katanga tana cewa, "Salamu alaikum, Maman yara, wai in ji Inna ga sabuwar kuɓewarmu ta fara, ku ɗanɗana mana ku ji ko ta yi." Haka ake yi. Gobe in tasu ta samu, su ma da irin wannan maganar za su aiko, ba wanda ya san wa ya taimaki wa.

Sauran rabon ya tafi yadda ya saba. Akushin maza ya fita ƙofar gida, inda suke haɗuwa da maƙwabta bayan sallar magariba kowa da kwanon gidansa a ci tare. Na Inna daban, da ɗan man shanu a kai, don ita kaɗai ake ajiye wa shi yanzu. Yara maza kwano ɗaya, mata kwano ɗaya. Almajirai biyu da suka saba zuwa sun zo, sun samu. Mu da Yaya muka zauna a bakin murhu muka ci namu da yaji, tana ba ni labarin yadda matar ta karɓa, ta yi ta sa albarka har muryarta tana rawa. Yaya ba ta sake ta da zancen safe ba, ni ma ban tayar ba. Da akushi ya dawo wan maigida ya leƙo ya ce, "Amarya, wannan miya ta yi, Allah ya yi albarka." Har yau Amarya yake kirana, ko da yake goyona na biyu ke baya.

Abin da ya ragu ba shi da yawa, malmala biyar ne da ƙanzo. Na jera su a tukunya na yayyafa ruwa, miyar kuma na sake tafasa ta kafin in rufe, don da zafin damina in ba a yi haka ba kafin asuba ta yi tsami. Ɗumamen ba zai ishi kowa ba, sai an haɗa da koko, masu tafiya gona su za a fara ba, tunda sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙanzon na jiƙa wa yara.

Gobe ma girkina ne, kuma garin da aka niƙo zai kai. Kuka nake so in kaɗa, don a bar kuɓewar ta ƙara 'ya'ya. In rana ta fito zan sa yaran su hau kukar bayan masallaci su yago mana sabon ganye, mu shanya a inuwar rumfa, domin wadda aka shanya a rana fari take yi, ba ta riƙe korenta. Ta bara saura kaɗan a tulu, kuma Inna ta ce a fara tanadin ta rani tun yanzu.