Daga Nima zuwa Aboabo da fatalwar Suwidin a kunne

Ranar Juma'a ana idar da salla na ɗauki 'yar jakata daga Nima na faɗa trotro zuwa Circle, Kumasi zan je, kuma gaskiya ba da son raina ba. Matar yayana marigayi ce za a ɗaura wa aure ranar Lahadi a Aboabo, Mma ta ce ƙafarta ba za ta iya zaman mota ba, dole ni zan wakilci gidanmu. Na ce mata ina da aiki, wayoyin mutane sun taru a shago ban gyara ba, ta ce wayoyin su jira. Shikenan magana ta ƙare.

Daga Ankara, tamu ta Gana ba ta Turkiyya ba, zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne, amma duk wanda ya tashi da yammar Juma'a ya san lissafin kilomita ba ya aiki. Kafin mu wuce Ofankor da Pokuase mu kai Amasaman har na fara jin yunwa, motoci sun cushe ga ƙura ga masu talla suna bin tagogi da ruwan leda da cifs ɗin ayaba. A cikin bos ɗin kuma an sa fim ɗin Kumawood da ƙara kamar direba na faɗa da mu, wata mata cikin farin zane fuska duk hoda tana bin wani mutum a daji yana ihu da Tonanci. Nace to tunda abin na fatalwa ne bari in kunna tawa.

Akwai wani albam da wani yaro da muke gyaran waya tare ya tura min tun bara, ina ta ɗaga saurarensa. Na wasu 'yan Suwidin ne daga Stockholm, sunan ƙungiyar Opeth, albam ɗin kuma My Arms, Your Hearse, ya fito 1998, shi ne na ukunsu. Ma'anar sunan kamar ka ce hannuwana su ne motar ɗaukar gawarki, ka ji suna don Allah. Irin kiɗan da suke kira firogiresif metal ne, wato waƙa ba ta tsayawa kan kiɗa ɗaya, yanzu gita na gurnani ganga na zuba kamar ruwan sama a kan kwano, mawaƙin Mikael Åkerfeldt yana wani irin ruri daga maƙogwaro kamar an shaƙe rago, kafin ka ce kwabo komai ya lafa sai gita mara lantarki a hankali, shi ɗin dai ya dawo da murya mai sanyi ka rantse wani mutum ne daban. Waƙa tara ne, minti 50 da 'yan kai, kuma duka labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Abin da ya fi burge ni, na buɗe rubutun waƙoƙin ina bi, sai na ga kalmar ƙarshe ta kowace waƙa ita ce sunan waƙar da ke biye, kamar an ɗinke su da zare ɗaya. Har waɗanda babu murya a cikinsu an rubuta musu kalmomi, kai za ka karanta su ba su rera ba.

Labarin shi ne mutum ya mutu amma ya ƙi tafiya. Ya zama fatalwa yana yawo a gefen matar da yake so, yana ganinta ita ba ta ganinsa, lokaci na juyawa tun daga watan Afrilu har sanyinsu na ƙanƙara ya shigo, shi kuma zuciyarsa na cinsa, yana zargin anya matar nan ta yi baƙin cikin mutuwarsa da gaske kuwa?

A Nsawam aka ɗan tsaya, mata suka yo caa da burodi da soyayyar doya da cofi, wutsiyar talotalon nan mai maiƙo. Wata Hajiya ce a kusa da ni, dattijuwa, tun Circle take jan carbi ba ta ce min uffan ba. Na saya mana burodi na miƙa mata, ta karɓa ta sa albarka, sannan ta nuna kunnena ta ce ɗana, tun ɗazu nake jin wani abu na fita daga nan kamar injin niƙa ya ci dutse, lafiya dai? Ashe iyafis ɗina na yoyo. Kunya ta kama ni nace waƙa ce Hajiya. Ta ce waƙa? Miƙo in ji. Kuma kamar da gangan daidai lokacin Demon of the Fall ce ke ciki, wadda ta fi kowacce hauka. Ta saurara kamar daƙiƙa biyar ta cire ta ce a'uzubillahi, wannan ai ruƙiyya yake buƙata ba mai sauraro ba.

Dariya ta sa na ba ta labarin duka. Ta saurara da kyau fa, har tana tambaya. Ta ce wanda ya mutu ya mutu, yana can yana fama da nasa tambayoyin, in ka ga wani abu na yawo da kamanninsa aljani ne ya ari rigarsa. Sai ta ce to matar ta yi masa takaba? Nace Hajiya Turawa ne. Ta ce to ai ka ji, da ta zauna wata huɗu da kwana goma kowa ya gani da bai tsaya yana leƙe ba.

Muna wannan hirar bayan Suhum sai ga jiniya a bayanmu, motar gawa ce da hoton mamacin manne a gilashi, bayanta motoci uku cike da mutane cikin baƙi da ja. Juma'a ce, ranar ɗauko gawa daga mocari a kai gida don jana'izar Asabar, wani mamacin ya yi wata biyu ko uku a firij ana jiran 'yan uwa na waje su iso. Kafin Nkawkaw na ƙirga irinsu huɗu, ban da manyan allunan hotunan mamata a bakin hanya. Mu da muke binnewa kafin rana ta faɗi abin har yau yana ba ni mamaki duk da a cikinsa na girma.

Wajen Nkawkaw duhu ya fara, duwatsun Kwahu sun tsaya baƙi ƙirin a damanmu, sai Hajiya ta tambaye ni me zai kai ni Kumasi. Na gaya mata. Ban san yadda aka yi ba bakina ya zarce, nace shekara biyu kacal da rasuwar Yaya, nace na ga hotunan da aka sa a sitatus tana dariya da lalle a hannu, nace ko ɗakinsa ba mu gama kwashewa ba. Ta bar ni na gama tsaf. Ta ce ta yi takaba? Nace ta yi, a gidanmu ma. Ta ce ta kula da shi da yana jinya? Nace wallahi ita ce a asibiti dare da rana. Ta ɗan kalle ni ta gefen ido ta ce to yayanka dai yana kwance abinsa, Allah ya ji ƙansa, fatalwar da zan iya gani ita ce wannan da ta sayi tikiti ta zauna kusa da ni. Ta koma kan carbinta.

Ban ce komai ba har Konongo. Na sake kunna albam ɗin daga farko, na rage ƙara saboda ita, wannan karon da aka zo Credence, mai sanyin nan da babu ruri ko ɗaya, sai na kasa bin rubutun na kife wayar a cinya.

Mun wuce Ejisu da Tech muka sauka Asafo wajen goma da rabi na dare. Jikan Hajiya ya zo ɗaukarta, ashe Asawase za ta, ta ce in shiga tasi ɗinsu su sauke ni tunda hanya ɗaya ce. A Aboabo gidan a cike, an kafa kanofi an jera kujerun roba, mata na ta yankan albasa a tsakar gida ana hira da Hausa da Tonanci a haɗe. Anti, matar Yaya, ta fito da gudu ta ce ƙanina ka zo, ina Mma, ka ci abinci? Ban amsa ba ma ta tura a zubo min waakye. Ɗan Yaya, mai shekara shida, ya haye cinyata ya zare iyafis ɗaya ya cusa a kunnensa, na yi sauri zan kashe ya riƙe hannuna ya ce Baba ƙarami bar shi, waye wannan yake fushi haka?